Faten Tsakin da Na Tarbi Baffa da Shi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ke da duk waɗanda kuke kwance tare a maƙabartar Bakori. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ni ce 'yarki Rakiya, daga Funtuwa.

Na sani sarai takarda ba ta zuwa inda kike. A shafina na rubuta, inda kowa zai gani, kuma da gangan na yi. Akwai danginmu da suke leƙowa kullum, ba gaisuwa ba komai, sai su kwashi abin da suka gani su kai Malumfashi, su ƙara masa gishiri. To yau na hutar da su. Ga magana nan daga bakina, su karanta a tsanake. Ni dai da uwata nake.

Inna, Yaya Hamisu ya biyo ki. Motar masarar da yake ja ce ta kife da shi a hanyar Dandume, bara da ƙarshen damina. Matarsa Maryama kuwa kin sani, kina da rai ta rasu wajen haihuwa. Yara huɗu ya bari: Nafisa da ta fara tasawa, sai Bashir, sai Umar, sai auta Ikilima.

Ranar sadakar bakwai kowa ya yi kuka, kowa ya ce Allah ya raya marayu, kowa ya nemi takalminsa. Da la'asar na waiga na ga su huɗun zaune a bakin ƙofar ɗakin ubansu, Nafisa ta goya Ikilima. Baffa Lawal, ƙanin Babanmu, ya ce in tafi da su kafin a zauna a yi shawara. Na kalli Malam, maigidana. Kin san shi, magana ba ta dame shi ba. Cewa kawai ya yi, "Kwaso su, Rakiya, a ƙara tabarma." Mu bakwai muka tashi a gidan nan da safe, mu goma sha ɗaya muka kwana.

Shawarar nan, Inna, aka shekara ba a yi ta ba. A cikin shekarar nan kuwa ko ƙwayar masara babu wanda ya aiko. Ban roƙa ba, ban kuma yi ƙorafi ba. Ina faɗa ne don masu leƙe su tuna.

Kin tafi kafin kaya su yi irin wannan tashin, kin huta. Yanzu abin da kika saya jiya, in kika koma yau sai mai shago ya ce miki ai an ƙara. Ɗinkin Malam ba ya motsi sai gab da Salla. Gonarsa ta bakin daji an bar wa ciyawa, saboda mutanen daji babu mai iya zuwa. Shinkafa ta yi mana sallama ba tare da faɗa ba, nama kuma ya bi bayanta. Ranar da na fara tsayawa a gaban murhu da yara tara suna kallona, wallahi na rasa ta inda zan fara.

Ke na tuna. Na tuna tsakar gidanmu lokacin girbi, in Baba ya tara masu gayya a gona. Kin ci ɗamara, kin ɗora tukunyar biki a kan duwatsu uku, ɗan tsakin da ke cikin ƙwarya bai kai ya kawo ba, amma ƙarti su ci su yi nak har a rage wa yara. Ina gefe ina yanka yakuwa, kina cewa, "Ke Rakiya, zuba ganyen nan, kada ki ji tsoronsa, shi ke cika tukunya."

Na tuna yadda kike juya wa yara baya in za ki kwashe abinci. Kika ce mini, "Kada ki bari yaro ya ga gindin tukunya yana cikin ci. In ya gani, ko ya ƙoshi zai ce bai ƙoshi ba." Har yau haka nake yi, jikokinki sun ɗauka tukunyata ba ta ƙarewa.

Na tuna in na cika wuta sai ki ɗaka mini tsawa daga ɗaki, "Rage itacen nan, ubanki ba shi da daji!"

To Inna, makarantarki na buɗe a Funtuwa, kuma ba na jin kunyar kowa.

Masara da kaka nake sayenta, a kasuwar Bakori, da yamma lis lokacin da mai kaya ya ƙagara ya tafi gida. Ba na bari a niƙe mini ita duka. A surfe, in wanke, in shanya, a ɓarza, sannan in zauna da rariya. Garin na tuwo ne, tsakin na fate da dambu, dusar kuma in miƙa wa maƙwabciyata mai awaki ta ba ni daddawa. Ko ƙasarin ba ya zuwa kwata, awakinta ke shanyewa. Totuwa kuwa, inda ake casar masara ake zubar da ita tsibi-tsibi, mu kwaso a buhu, ita ce itacena.

Waken suya in jiƙa in kai markaɗe in yi awara. Dusar awarar da wasu ke zubarwa, ni kwaɓa ta nake da ɗan gari da albasa da yaji, in gasa a tanda, yara su tafi makaranta da ita a aljihu. Da rani in tumatur ya faɗi har masu shi suna roƙon a saya, sai in yanka in baza a kan rufi, in tara kauɗar da za ta kai ni damina. Bayan ɗakina yanzu babu wurin taka ƙafa: rama, yakuwa, zogale, ga kabewa ta hau katanga har tana leƙa gidan mutane.

Akwai wata Maman Emeka mai busasshen kifi a bakin kasuwa. A nan Funtuwa aka haife ta, tare muke zuwa awo tun ina da cikin fari. Ita ke tara mini burbushin da ke zama a gindin kwando. Da ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Uwar tara, zo ki kwashe kayanki kafin ƙuda su riga ki!" Cokali biyu na burbushin nan a miyar kuka, sai ki rantse kifi aka dafa. Ran Juma'a kuma Malam ya biyo ta wajen mahauci ya taho da ƙashi. Ƙashin nan sau biyu yake shiga tukunya kafin in sallame shi.

Tuwon dare da yawa nake tuƙawa, don a samu ɗumamen safe. Ƙanzon in kankare in shanya, in ya taru in jiƙa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, a ci da rana har da faɗa a kan lomar ƙarshe. Tire biyu nake zubawa, na maza da na mata. Babu kwanon 'yan gida, babu kwanon 'yan riƙo. Wanda bai san mu ba, in ya shigo, ba zai iya nuna miki wanda na haifa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ciwo a ciki. Wata rana maƙwabta suka soya miya, ƙamshin ya tsallako katanga. Ikilima ta ja mini zani ta ce, "Gwaggo, mu yaushe za mu ci mai ja?" Na ce mata ran Salla. Na shiga madafi na yi kukana mai isata, na share fuska, na fito na ci gaba da gyaran wake. Hannuwana duk sun yi kanta, bayana kuma in na sunkuya sai na dafa bango nake miƙewa. Amma babu yaron da ya taɓa kwana da yunwa a gidan nan, wannan kam zan iya dafa Alƙur'ani.

Abin da ya jawo magana shi ne kala.

Bayan an cire waken suya, na roƙi wani mai gona a bayan gari ya bar mu mu tsinci abin da ya zube. Ya ce bismilla. Ran Asabar, da babu makaranta, na ɗebi manyan yaran, nawa da na Yaya, muka tafi da buhu. Ke ma kin yi kala, Inna, ni ma na bi ki mun yi, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce haramun ne ba. Ashe wani ɗan uwa ya wuce a kan babur ya gan mu. Bai tsaya ya ce sannu ba. Kafin rana ta faɗi labari ya isa Malumfashi: wai Rakiya ta mayar da 'ya'yan Hamisu mabarata, suna tsince-tsince a gonar mutane, a gida kuma abincin kaji take ba su.

Sai ga wayar Baffa, ya kira Malam. Ya ce yana nan tafe shi da matarsa Hajiya Indo, za a raba yaran a cikin dangi, kowa ya ɗauki wanda zai iya, tunda abin ya fi ƙarfinmu. Shawarar da aka shekara ana jira ke nan.

Hankalin Malam ya tashi. Kin san yadda ake yi, babban baƙo ba a tarbarsa da abincin kullum. Ya ce zai karɓo shinkafa a shagon unguwa, a kama kazarmu a yanka, a yi jar miya mai ya kwanta a kai, don su gani da idonsu ba mu gaza ba. Maƙwabciyata ma haka ta ce, har tana cewa za ta ara mini kulolinta masu kyau.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi ka ba." Shinkafar yini ɗaya tuwon mako guda ce a gidan nan. Kazar kuma ƙwanta nake dafa wa duk yaron da ya kwanta ciwo. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. In na dafa shinkafa don baƙi sun zo, me na gaya wa yaran nan? Na ce musu ke nan abin da suka shekara suna ci abin kunya ne, sai an ɓoye shi in mutanen kirki sun shigo. Ni kuwa ban yi sata ba, ban yi roƙo ba, da hannuna na tsinto, da hannuna na tankaɗe. Malam ya daɗe yana kallona, ya ce, "Rakiya, kin cika taurin kai." Na ce masa gado na yi.

Ranar da za su zo, tun da hantsi na ɗora babbar tukunya. Wake ya fara shiga da 'yar kanwa. Da ya yi laushi na zuba kabewa, na kawo kauɗar da na jiƙa na daka da attarugu da albasa, ga daddawa, ga burbushin kifi. Ya tafaso na dinga zuba tsaki ina juyawa don kada ya yi gudaji. A ƙarshe na danna yakuwa da zogale, ban ji tsoronsu ba, na barbaɗa garin ƙuli-ƙuli na rufe. Inna, da kin ji ƙamshin faten nan da kin ce na iya. Ya yi kauri har muciya tana tsayawa a ciki.

Bayan azahar suka iso. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwa, na durƙusa na gaishe su, na kawo ruwa. Na zuba faten a kwanukan da kika saya mini na aure, na ajiye a gabansu. Yara kuma na zuba musu nasu a tire, daga tukunya ɗaya, a kan idon baƙin.

Hajiya Indo ta buɗe murfi ta leƙa, ta tafa hannu. Ta ce, "Ikon Allah! Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne. Rakiya, wannan kike ɗura wa marayun Allah?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya. Shi nake ba nawa, shi Malam yake ci, shi na ci a hannun Inna har na kawo haka."

Ta ture kwanon da bayan hannu. Baffa dai ya ci 'yan lomomi ya rufe, bai ce da daɗi ba, bai ce babu ba. Ya wanke hannu, ya gyara zama, ya fara rabo. Nafisa za ta koma wajen Hajiya Indo, don 'yarta ta kusa haihuwa, ana neman mai taya aiki. Bashir zai tafi shagon ɗan Baffa a Kaduna. Umar kuma a kai shi ƙauye wajen wani ɗan uwa mai shanu da gona. A nan ya tsaya. Na jira in ji sunan Ikilima. Hajiya Indo ce ta ce, "Ƙaramar sai a bar miki, tunda ta saba da ke."

A nan na gane, Inna. Mai wanke-wanke, mai jiran shago, mai kiwo, duk an samu masu so. Wadda ba ta iya komai ba sai ci da kuka, ita ce ta saba da ni. Wai kuma tausayin abincin da suke ci ne ya taso da mutane tun daga Malumfashi.

Kin san tunda nake ban taɓa mayar wa Baffa magana ba. Ranar ma ban ɗaga kai ba, ban ɗaga murya ba, a durƙushe nake. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma. Kai ne ubanmu, ba ni da wani bayan kai. Ga yaran nan a gabanka, a kira su ɗaya bayan ɗaya a duba. In akwai wanda ƙashin wuyansa ya fito, a nuna mini. In akwai wanda aka cire daga makaranta, a nuna mini. In abincina ne bai yi ba, ƙofata a buɗe take, mai tausayi ya aiko da shinkafa, wallahi na iya dafa ta."

Sai na ƙarasa. Na ce, "In kuma lallai sai an ɗauke su, ba zan yi jayayya da kai ba. Amma ciki ɗaya suka fito, uwa babu, uba babu, junansu kawai suka rage wa juna. Duk wanda zai ɗauki ɗaya ya haɗa da huɗun. Ya fara da Ikilima. Tana fitsarin kwance, ga tabarmarta can a kan igiya, sai a naɗe a sa a mota."

Inna, sai Hajiya Indo ta shiga gyaran mayafi. Baffa ya juya wajen Malam, ya ce, "Kai kana ji matarka tana gaya mini magana?" Ni kuwa na san Malam da kunyar manya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi mata haƙuri, Baffa. Amma ni dai ban ce na gaji ba."

Baffa ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "Shi ke nan. Za ki gaji, ki kawo su da ƙafarki." Bai sa mini albarka ba. Na raka su har bakin mota ina a sauka lafiya, babu wanda ya amsa.

Tun ranar babu wanda ya sake kirana. 'Yar Hajiya Indo ta haihu, an yi suna, a hoto na gani kamar kowa. Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba, dangi ne, kuma ƙanin ubana ne. Na aika masa gaisuwa, zan kuma sake aikawa har ya huce. Amma masu jira su ga na kwaso yaran nan na kai da ƙafata, su nemi wuri mai inuwa su zauna. Muddin ana zubar da totuwa a garin nan, muddin yakuwa tana fitowa a bayan ɗaki, tukunyata ba za ta sauka ba.

Duk wannan ba shi ne ya sa na zauna rubuta miki ba, Innata. Abin da na gani ne bayan motar ta tashi, kuma na rasa wanda zan gaya wa in ba ke ba.

Na dawo cikin gida na ga babu Nafisa a wajen tire. Na leƙa ɗakin 'yan mata. Tana zaune a ƙasa, ga ledoji huɗu a jere a gabanta, kowace an ƙulle bakinta. Ashe ta ji wayar da Baffa ya yi, ba ta gaya wa kowa ba. Ita kaɗai ta wanke kayan ƙannenta, ta ninke, ta ware wa kowa nasa. Kayan makarantar Bashir daban, na Umar daban, 'yan rigunan Ikilima da takalminta daban. Hoton ubansu kuwa guda ɗaya ne tak, yana hannunta, ta rasa ledar da za ta sa shi.

Ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Gwaggo, in kwance?"

Na ce, "Kwance, uwata. Ki mayar da hoton nan inda kika ɗauko shi, ki zo ki taya ni tankaɗe, magariba ta kusa."

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya saka miki da Aljanna a kan kowace loma da kika sa mana a baki. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Maryama. Ni kuma ki bar ni da addu'ar da kika saba yi mini, Allah ya ƙara wa hannun nan ƙarfi. In Allah ya haɗa ki da Yaya Hamisu, ki ce masa ya kwanta da daɗi: su huɗun suna nan wuri ɗaya, kuma sun ci sun ƙoshi.

Wassalam.

Taki har abada,
Rakiya